Bayani kan mas'alar aƙila: wa ke ɗaukar alhaki, wa ke biyan diyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, Allah Ya buɗa mana fahimta da mu da kai, wurin da muka iso a babin hukunce-hukuncen jini wuri ne da masu karatu da yawa kan tsaya su yi tambaya. Tun muna riƙe da allo muka san cewa babu rai da zai ɗauki zunubin wani rai. Wannan ma'ana ta zo a wuri biyar cikin Alƙur'ani: Suratul An'am aya ta 164, Isra'i aya ta 15, Faɗir aya ta 18, Zumar aya ta 7, da Najmi aya ta 38. Sai ga shi mun zo Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996 Miladiyya), mun tarar an ɗora diyyar kisan kuskure a kan aƙila, wato dangin mai kisan ta wajen uba. Mutum yana gonarsa yana noma, ɗan baffansa yana daji ya harbi barewa, harbin ya sami mutum ya mutu, sai a zo a ce wa manomin nan ya kawo nasa kaso. Bai harba ba, bai gani ba, labarin ma sai daga baya ya ji. To ina adalci a nan, kuma ina aka baro ayoyin can biyar?

Tambayar tsohuwa ce. An ruwaito cewa Abubakar Al'asammu ya ƙi wannan hukunci saboda zahirin ayoyin nan, amma malaman mazhabobi huɗu duka sun tafi a kan tabbatar da shi. Ba a gane amsar sai an rarrabe abubuwa uku waɗanda harshenmu yakan tara su cikin kalma ɗaya, wato laifi.

Fasali: zunubi, uƙuba da lamuni

Na farko shi ne zunubi, alhakin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Shi wannan yana bin niyya da sani da iko. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ɗauke ƙunci daga abin da mutum ya yi bisa kuskure, ta tabbatar da shi a kan abin da zuciya ta nufa. Addu'ar da ke ƙarshen Baƙara ita ma roƙo ce na kada a kama mu da mantuwa da kuskure, kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Allah Ya amsa ta.

Na biyu ita ce uƙuba, kamar ƙisasi da haddi da ladabtarwar alƙali. Ita tana bin ganganci na baligi mai hankali, kuma ba ta tsallake jikin wanda ya aikata. Ka tuna ƴan'uwan Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, lokacin da suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu. Ya nemi tsarin Allah daga kama wanda ba a sami kayan a wurinsa ba, ya kira yin haka zalunci, kamar yadda yake a Suratu Yusuf aya ta 78 da ta 79.

Na uku shi ne lamuni, wato biyan abin da ya salwanta. Shi kam ba ya tambayar niyya. Asara yake dubawa, da wanda ta faɗa wa. Mai barci da ya juya ya fasa tulun wani zai biya tulun, alhali alƙalami a ɗauke yake daga kansa. Yaron da ya lalata kayan mutane za a biya daga dukiyarsa, ba a kuma rubuta masa zunubi ba. Saboda haka malaman fiƙihu suke daidaita ganganci da kuskure idan ana maganar biyan dukiyar mutane.

Idan ka riƙe wannan rarrabewa, rabin tambayar ya warware. Ayoyin nan biyar suna magana ne a kan zunubi da kamun da ke binsa. Diyyar kuskure kuwa tana cikin babin lamuni. Wanda aka karɓi kasonsa daga cikin aƙila ba a ce masa mai laifi ba, ba a kuma ɗora masa ko ƙwayar zarra ta alhakin ran da ya salwanta ba.

Fasali: abin da ya rage a wuyan mai kisan

Kada ka zaci mai kisan ya fita fes. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: diyya da za a miƙa wa magadan mamaci, da kaffara. Kaffarar ita ce ƴanta bawa mumini, wanda bai samu ba sai ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan nasa ne shi kaɗai. Dangi ba sa karɓar masa ko yini ɗaya. Idan mutum goma suka yi tarayya cikin kisa ɗaya na kuskure, diyya ɗaya ce za a raba a kan aƙilolinsu, amma kowane ɗayansu yana da tasa kaffara cikakkiya. Dukiya tana rabuwa, ibadar da ke tsarkake mutum ba ta rabuwa.

Idan ka ce, me ya kawo kaffara tunda babu zunubi? Sai mu ce, ayar da kanta ta ambaci tuba a wannan wuri, kuma malamai sun yi bayani cewa da wuya kuskure ya rabu da ɗan sakaci. Da maharbi ya ƙara dubawa, da mai sassabe ya ƙara ɗaure bakin gatarinsa, da wataƙila abin bai faru ba. Kuma rai abu ne mai girma wurin Allah, bai dace a ce ya salwanta a hannun mutum sannan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa kamar bai yi komai ba. Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne ta fuskar ƙaddara, amma ƙaddara ba ta sauke wa kowa kaffara.

Ban da wannan, a mazhabar Imamu Malik mai kisan yana shiga cikin biyan diyya kamar ɗaya daga cikin aƙilarsa. Idan kuma wanda ya mutu mai gadar masa ne, zai gaji dukiyarsa amma ba zai gaji komai daga diyyar ba. Mai ganganci kuwa ba ya gadon dukiyar, ba ya gadon diyyar.

A lura da wani abu a nan. A mashhurin mazhaba kisa iri biyu ne kawai, ganganci da kuskure. Wanda ya bugi mutum cikin fushi da gaba, ko da da sanda ne, mutumin ya mutu, hukuncinsa na ganganci ne, kuma faɗinsa cewa bai yi nufin kashewa ba ba zai mai da shi kuskure ba. Kuskure shi ne kamar ya nufi dabba ya sami mutum, ko abin ya auku cikin wasa, ko cikin ladabtarwar da aka halatta da abin da aka saba ladabtarwa da shi.

Fasali: dalilin raba diyya

Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Ta kuskure ana kasa raƙumanta kashi biyar, 20 a kowane kashi: taguwar da ta shiga shekara ta biyu, taguwar da ta shiga ta uku, namijin da ya shiga ta uku, taguwar da ta shiga ta huɗu, da wadda ta shiga ta biyar. Da yawa daga malaman wannan zamani suna ƙiyasta dinarin shari'a da giram 4.25 na zinariya, ka ga dinari 1,000 ya haura kilo huɗu ke nan. Talaka nawa ne a Maraɗi ko Damagaram zai iya fitar da wannan daga aljihunsa?

To ga asara ta riga ta auku. Mutum ya mutu, ya bar mata da marayu, kuma wanda ya yi sanadi bai nufa ba. Dole wani ya ɗauki wannan asara, hanyoyin kuwa uku ne. Ko a bar jinin ya tafi a banza, sai marayu su ɗauke ta dukkanta, su da ba su da hannu ko kaɗan. Ko a ɗora ta dukkanta a kan mai kuskuren, sai a talauta shi da iyalinsa har ƙarshen rayuwa, kuma galibi ba zai iya biya ba, marayun dai su tashi hannu wofi. Ko kuma a watsa ta a kan jama'a masu yawa, kowa ya ɗauki abin da ba zai karya shi ba. Shari'a ta zaɓi ta uku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka yi lissafi da kanka. Shaihu Halil a Muhtasar ya ambaci zance biyu kan adadin da aƙila ke cika da shi: mutum 700, ko abin da ya haura 1,000. Ana kuma biyan cikakkiyar diyya cikin shekara uku. Idan ka raba dinari 1,000 ga mutum 700 cikin shekara uku, abin da zai faɗa wa kowa a shekara bai kai rabin dinari ba. Abin da zai rusa gida ɗaya ya zama abin da gidaje masu yawa za su ɗauka su ci gaba da harkokinsu.

Asalin wannan tsari Larabawa sun san shi tun kafin Musulunci, shari'a ta tabbatar da shi ta kuma gyara shi. Takardar alkawarin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rubuta a Madina ta bar kowace ƙabila a kan biyan diyyoyinta a tsakaninta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mata biyu na ƙabilar Huzailu, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse ta kashe ta da abin da ke cikinta, aka hukunta diyyar matar a kan aƙilar wadda ta yi jifan. Malamai sun saɓa kan wane irin kisa ne wannan, amma sun kafa hujja da shi a kan cewa aƙila tana ɗaukar diyya.

Fasali: yadda ake rabon

Adalcin wannan hukunci yana bayyana ne a cikin sharuɗɗansa. Halil ya jera masu biya kamar haka: ana farawa da mutanen diwani idan suna karɓar rabonsu, wato waɗanda sunayensu ke cikin littafi ɗaya na albashin mayaƙa, tsarin da Sayyidina Umar ya kafa. Sannan asaba, maza dangin uba, mafi kusa sai mai bi masa. Sannan waɗanda wala'i ya haɗa su da shi. Idan duk babu, sai baitulmali idan mai kisan Musulmi ne. Ka ga ba a bar jinin ya faɗi ƙasa ba ko da mutum ba shi da kowa.

Ba a raba diyya daidai-wa-daida a kan kawuna. Kowa ana ɗora masa abin da ba zai cutar da shi ba gwargwadon ƙarfinsa, mai garke ba kamar mai akuya biyu ba. Mutum biyar ba a karɓar komai daga gare su: yaro, mahaukaci, mace, matalauci, da wanda bashi ya yi wa katutu. Amma idan ɗayansu ne ya yi kuskuren, aƙila za ta biya masa. Ana ɗaukar musu, su ba sa ɗauka. Gangancin yaro ma hukuncin kuskure gare shi a wannan babi. Haka nan ba a haɗa mazauna daji da mazauna gari cikin rabo ɗaya, ba a kuma haɗa mutanen ƙasashe biyu masu nisa da juna, kamar Sham da Masar.

Sannan akwai iyaka daga ƙasa. Aƙila ba ta ɗaukar abin da bai kai sulusin diyya ba. Diyyar yatsa ɗaya raƙumi 10 ce, ta haƙori raƙumi 5. Wanda ya cire wa wani namiji yatsu uku bisa kuskure, raƙumi 30 ke nan, bai kai sulusi ba, sai ya biya daga dukiyarsa nan take. Idan yatsu huɗu ne, raƙumi 40, ya haura sulusi, sai aƙila ta shigo. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ana biyansa cikin shekara biyu. Hikimar a fili take: ƙaramin nauyi mai shi zai iya, kuma barinsa a kansa yana koya masa taka tsantsan.

Aƙila ba ta ɗaukar ganganci. Wanda ya kashe da gangan, idan magada suka yafe ƙisasi a kan diyya, daga dukiyarsa za a biya, kuma a mazhaba za a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara ɗaya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Da dangi za su riƙa biya wa mai ganganci, da taimakonsu ya zama taimako a kan zalunci. Ba ta kuma ɗaukar abin da ya tabbata da iƙirarin mai laifi kawai, domin iƙirarin mutum hujja ce a kansa, ba a kan wasu ba, kuma ana tsoron ya haɗa baki da magada su ci dukiyar dangi. Haka nan ba ta ɗaukar ɓarnar dukiya. Idan mahaya biyu suka yi karo bisa kuskure suka mutu su da dawakansu, diyyar kowanne tana kan aƙilar ɗayan, amma ƙimar kowane doki tana cikin dukiyar ɗayan.

Wani zai ce dangi suna biya ne domin su ne ke gado. Wannan bai cika ba. Mata suna gado ba sa biya, kuma Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa mijin mace da ƴaƴanta, idan ba daga ƙabilarta suke ba, suna gadonta amma ba sa biya mata diyya. Abin da aka rataya hukuncin a kai shi ne taimakon juna da kariya. Waɗanda mutum ke tinƙaho da su, waɗanda za su tashi idan aka taɓa shi, su ne za su tashi idan ya taɓa wani bisa kuskure. Wanda ya bayar yau kuma, gobe shi za a ba wa.

Daga nan malamai suka bi hanya biyu wajen haɗa hukuncin da ayoyin. Ibn Rushd jika, wanda ya rasu a shekara ta 595, ya ambata cikin Bidayatul Mujtahid cewa hukunci ne da aka keɓance daga gamewar ayar. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751, ya tafi a kan cewa babu karo tun asali, domin abin da dangi ke bayarwa tallafi ne da shari'a ta wajabta, irin ciyar da makusanci mabuƙaci. Wanda aka wajabta masa ciyar da mahaifinsa matalauci ba shi ya talauta shi ba, kuma ba wanda ya ce an zalunce shi. Hanya ta biyu ta fi kwanta mana a rai, domin ita ce ta dace da sharuɗɗan da muka gani: sauke wa matalauci, jinkirta biya, da cire ganganci.

Fasali: misali daga ɓarnar dabbobi

Wannan rarrabewa tana amfani a abin da ya fi yawan aukuwa a ƙasarmu. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma lamuninsa yana kan masu dabbobin. An raba nauyin tsaro tsakanin ɓangarorin biyu gwargwadon abin da kowa ya saba kuma yake iyawa. Halil ya ƙara da cewa sauke lamunin rana yana da sharaɗi: ya kasance babu makiyayi tare da su, kuma an sake su nesa da gonaki. Idan da makiyayi kuma ya yi sakaci, shi zai biya. Shukar da ba ta nuna ba ana yi mata ƙima tsakanin fatan ta yi da tsoron ta lalace. Mai shanun da suka kwance da dare yana barci ba a ce ya yi zunubi ba, amma zai biya, daga dukiyarsa, gwargwadon ɓarnar, ba ƙari.

Tanbihi

A nan ne ake yin kuskure mafi muni. Wasu sukan ji cewa dangi na biyan diyya, sai su ɗauka dangi na ɗaukar laifi, har su halatta wa kansu ramuwa a kan duk wanda ya haɗa jini ko harshe ko sana'a da mai laifin. Wannan ɗabi'ar jahiliyya ce wadda shari'a ta zo ta rushe. Aƙila tana ba da dukiya ne, a gaban alƙali, bayan hujja ta tabbata, a kan kuskure, gwargwadon iko, cikin shekaru. Jininta da gidajenta da dabbobinta haramun ne kamar na kowa. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a shekara ta 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Mata da yara su ne waɗanda shari'a ta sauke musu ko da dirhami ɗaya na diyya, balle a kama rayukansu da aikin wani. Duk malamin da aka kira wurin sulhu, wajibi ne ya fara da bayyana wannan: a nemo wanda ya aikata, a ƙiyasta asarar, a biya wanda aka yi wa, a kuma kame hannu daga wanda ba shi da hannu.

Saura tambayar zamaninmu, inda dangi suka warwatse, wani yana Yamai, wani yana Tawa, wani ya tafi ci-rani, kuma mafi yawan kisan kuskure a kan hanyar mota yake aukuwa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan a zamanta na 16 a Dubai, shekara ta 1426 (2005 Miladiyya). Ta ga cewa idan babu dangin da za su ɗauka, inshorar taimakon juna ta Musulunci, da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya, da asusun ma'aikata na taimakon juna, suna iya tsayawa a matsayinsu, tunda asalin abin taimakon juna ne. Wannan yana kusa da fara rabo da mutanen diwani, waɗanda littafi ya haɗa su ba jini ba. Sai dai asusu yana biyan diyya ne kawai. Direban da ya kashe rai bisa kuskure, ko an biya magada har sun yarda, azumin wata biyu yana nan a wuyansa.

Zartar da waɗannan hukunce-hukunce aikin alƙali ne da hukuma, ba na ɗalibi ba. Aikin ɗalibi shi ne idan aka kawo masa mas'ala ya yi tambaya uku a rarrabe: wa ya yi nufi, wa ya yi sakaci, kuma wa asarar ta faɗa wa. Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa da dukiyoyinsu, Ya gafarta mana kuskurenmu da gangancinmu, amin.